Giwan Ruwan da Abba Ya Saki da Hannunsa

Ni mutum ne mai mantuwa, matata shaida ce, don ko makullin mota sai an taya ni nema kullum safiya. Amma ranar da na shiga ruwan Tiga har ƙirji da sabuwar shaddata, ina riƙe da mahaifina shi kuma yana riƙe da kifi, wannan kam ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina ba zan manta da ita ba.

Abba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a Nassarawa GRA muka taso. Tunda ya yi ritaya ba shi da abin so kamar kamun kifi da fatsa. Shi da abokansa, dattawa bakwai ko takwas na unguwar, duk shekara in damina ta ɗauke sai su shirya gasa a tsakaninsu a dam ɗin Tiga. Dokarsu ɗaya ce: wanda ya kama kifi a auna shi, sannan shi mai kamun ya mayar da shi ruwa da hannunsa. In kifin ya tafi da ƙarfinsa an ƙirga maka, in ya mutu ka tashi a tutar babu, ko da ya kai girman ɗan akuya. Kyautar kuwa wani tsohon kofi ne da ya fara dafewa, wanda ya ci ya ɗora shi a falonsa har shekara ta zagayo. Umma ba ta gajiya da tsokanarsu. Takan ce, "Ikon Allah! Mutum ya ƙona mai har Tiga, ya kama kifi, ya dawo mana hannu rabbana, sannan mu aika kasuwa a sayo na miya."

Sai Allah ya jarrabi Abba da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo a hankali har yana takawa da sanda, amma hannun dama ya ƙi, magana kuma sai ya ja ta da ƙyar. Ni ne babba, don haka na kwaso iyalina muka dawo sashen baya na gidan. Kuma wallahi na yi hidima, wannan ba yabon kai ba ne. Ni ke ɓalla masa maɓallin riga, ni ke karkata masa hula, ni ke riƙe cokali. In baƙi suka zo dubiya suka ce, "Alhaji, ya jiki?" kafin ya haɗa kalma biyu na riga na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." A lokacin gani nake babu ɗan da ya kai ni. Ban lura ba cewa kullum maganarsa raguwa take yi, har ya koma wuni a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida yana kallon get.

Da lokacin gasa ya zo sai ya ce zai je. Na ce a'a, ina dalili, mutum da hannu ɗaya? Ya bari na gama faɗana tsaf, sannan ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Sau ɗaya zan je. In na kasa mayar da kifina da hannuna, ka raba sandunan fatsata. Na gama." Umma ta harare ni ta ce, "Ka kai shi." Na san abin da take tsoro, don ni ma shi nake tsoro. Sandunan nan su kaɗai suka rage masa da yake tambaya a kansu. In ya ce a raba su, to ya sallama komai ke nan.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, mu uku da Baba direba. Dattijo ne mutumin wajen Haɗeja, a unguwar Giginyu yake zaune, ya fi shekara ashirin yana jan Abba. Abin kunya, duk tsawon shekarun nan ban taɓa tambayarsa sana'ar gidansu ba. Sai a ranar na san ɗan masunta ne, a cikin jirgin ruwa ya yi wayo.

Aka dasa wa Abba kujerar roba a bakin ruwa. Baba direba ya tallafe masa sandar fatsar, shi kuma yana naɗe zare da hagu. Ni ina gefe da babbar waya, sai kai-komo nake ina tambaya ko rana ta dame shi. Wajen hantsi sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Suka yi ta fama, a ja a saki, a ja a saki, Abba gumi har gemu, sai ga giwan ruwa ya taso, tsawonsa daga kafaɗata zuwa yatsuna, jikinsa na sheƙi. Dattawan suka yo kanmu suna kabbara. Baba direba ya jiƙa hannu ya zare ƙugiyar, ya sa kifin a bahon da ya cika da ruwan dam, ya ce mini, "Yallaɓai, a ja shi inuwa, kada a taɓa shi. Bari in kira mai sikeli." Mai sikelin yana can ɗaya gefen, tafiyar 'yan mintuna.

To, nan fa na tafka aika-aika. Murna ta ɗebe ni, ina so duk dangi su ga Abba ya dawo. Na ciro kifin daga ruwa, na ji yana zillewa da santsi, sai na ɗauko busasshen tawul ɗin Abba na goge shi tas. Na rataye shi ta muƙamuƙi da hannu ɗaya, na jingina da kafaɗar Abba na ɗauki hoto. Hula ta karkace, na sake ɗauka. Rana ta kashe fuska, na juya na sake. Abba yana ta motsa baki yana so ya yi magana, ni kuwa ina cewa, "Na sani, Abba, na sani, ɗaya kawai ya rage." Ko kusa ban san me zai ce ba. Da na mayar da kifin baho na ga ya yi laushi, sai dabara ta zo mini, irin dabarar ɗan birni. Na ce zafi ne ya dame shi, na buɗe kular lemo na juye masa ƙanƙarar gaba ɗaya.

Baba direba na dawowa da mai sikelin ya leƙa bahon ya dafe kai. "Innalillahi! Wa ya zuba ƙanƙara?" Kifin ya kife, farin cikinsa a sama. Nan da nan ya tsame shi ya sa a buhu mai laima, aka ɗora a sikeli. Duk ranar babu wanda ya kama ko rabinsa.

Can wani daga cikin abokan Abba, mutumin kirki ne kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, ya ce, "Haba, a ba Alhaji kofinsa kawai. A halin da yake ciki ai ya yi ƙoƙari." Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Na dubi fuskar Abba. Ban taɓa ganin an yi wa mutum alheri ya ji ciwo irin haka ba. Ya ce, "A'a." Ya sake cewa, "A'a. Doka... doka ce."

Baba direba ya durƙusa yana kallon kumatun kifin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da sauran numfashi. Amma ruwan gaɓar nan ya yi zafi, ga laka. Sai an shiga ciki da shi. Bari in gwada." Har ya fara naɗe wando, sai Abba ya dogara sandarsa ya miƙe ya ce, "Ni."

Na ce, "Abba, don girman Allah! In ka zame fa? Me zan ce wa Umma?" Baba direba, wanda bai taɓa katse ni ba tunda nake, ya ce, "Yallaɓai, kai ka riƙe Alhaji, Alhaji ya riƙe kifinsa. Ni ina gaba."

Haka muka shiga, taku ɗaya-ɗaya, laka na tsotse mana ƙafa, har ruwa ya kawo ƙirji ya fara sanyi. Na rungume Abba ta baya. Baba direba ya daidaita kifin a cikin ruwa, bayansa a sama yadda yake iyo, ya ce Abba ya tallafi cikin da hagu, ya kama gindin wutsiyar da dama. Hannun daman nan ya taso yana rawa, ya wuce wutsiyar, ya dawo, ya sake wucewa. Na miƙa nawa zan ɗora masa, sai Baba direba ya ce, "Bar shi." Na bari, amma ji nake kamar in yi ihu. Sai da ya gwada sau huɗu ko biyar kafin yatsun suka lanƙwasa a kan wutsiyar.

Sai Abba ya ɗan juyo da kai ya ce mini, "Sassauta. Ka matse ni." A nan na gane na ƙanƙame shi har numfashi na yi masa wuya. Ya ce, "Tare ni kawai." Na sassauta hannuna, na bar su a gefen haƙarƙarinsa. Bai faɗi ba.

Muka tsaya. Baba direba na nuna masa yadda zai riƙa tura kifin gaba a hankali don ruwa ya shiga ta baki ya fita ta kumatu. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba, amma na san da ni yake. Ya ce yauƙin nan da na goge shi ne rigar kifi, shi ke kare shi daga cuta, shi ya sa ba a taɓa shi da busasshen hannu. Ya ce babban kifi ba a rataye shi ta baki, nauyinsa na iya ɓalla masa muƙamuƙi ya kasa cin abinci. Ya ce sanyin da ya zo farat ɗaya bugun kifi yake kamar yadda zafi ke bugunsa. Kunya ta gama rufe ni.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ƙafafuna sun yi tsami. Sau biyu ana ɗan sakin kifin yana komawa ya kife. Ina ta addu'a a raina, Allah kada ka sa gaggawata ta raba bawan nan naka da abu ɗaya da ya rage masa.

Can sai Abba ya ce, "Na ji shi."

Na leƙa ta kafaɗarsa, ban ga komai ba. Ya ce, "A nan. A hannun nan." Hannun da ya shekara yana ce mana kamar ba nasa ba ne. Kumatun kifin suka fara buɗewa da rufewa da ƙarfi, wutsiya ta kaɗa. Na ce, "Saki, Abba, saki!" Baba direba ya ce, "A'a, tukuna. Sai shi ya nema da kansa." Muka ƙara jira. Sai kifin ya yi wata irin girgiza, Abba ya buɗe yatsunsa, ya fantsama mana ruwa a fuska ya nutsa, muka ga duhun bayansa na tafiya har ya ɓace.

Gaɓa ta kaure da kabbara da tafi. Abba ya yi dariya, irin dariyarsa ta bayan ciwo da baki ke karkacewa, wadda rabona da jin ta tun kafin ya kwanta. Ni kuwa a bayansa kuka nake wiwi, ƙato da ni, ina godiya da ruwan da ya jiƙa mini fuska ya rufa mini asiri. Sai da muka fito na tuna wayata na aljihu. Ta sha ruwa ta mutu, duk hotunan da na kusa kashe kifin saboda su babu ko ɗaya da ya tsira.

Da muka shigo gida da la'asar, Umma ta dube mu jiƙe da laka har gwiwa, ta dubi kofin a hannun Baba direba. Ta ce, "To, ina kifin?" Abba ya ce, "Ya tafi." Na buɗe baki zan ba da labari, sai na kama kaina na yi shiru. Shi ya ba ta da bakinsa, ya ɗauki kusan rabin awa, ita kuma ta zauna ta saurara har ƙarshe tana share ido da gefen mayafi.

Washegari da safe na shiga ɗakinsa kamar kullum. Na miƙa masa riga, sannan na mayar da hannuwana baya na harɗe su, don na san halina. Maɓalli uku ne, ya yi minti goma yana fama, na ƙarshen ma a karkace ya shiga. Haka ya fita da shi, ban gyara ba.

Abba ya ƙara shekara huɗu a duniya, ya je gasar sau uku, bai sake cin kofin ba kuma bai damu ba. Allah ya jiƙansa da rahama. Sandunan suna wurina, ba a raba ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya bi ni Tiga sai ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa kifi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba duk riƙo ne taimako ba. Na goge kifin nan, na ɗaga shi, na zuba masa ƙanƙara, duk da sunan kulawa, kuma haka na shekara ina yi wa mahaifina. Mai rauni, kifi ne ko mutum, tallafa shi ake yi a hankali, a yi haƙuri a jira, in ya motsa ya nemi tafiya a buɗe masa hannu. Na gode wa Allah da ya sa na koyi wannan Abba yana raye, yana tsaye a gabana cikin ruwa yana ce mini in sassauta.