Injin Shara a Ɗakin Rairayi

Wata Asabar ce da hantsi, bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Na iso shagon mahaifina a unguwar Hausari na tarar da wasu abubuwa uku jingine da bango, kowanne da dogon wuya, da jakar yadi rataye a bayansa, da faffaɗan kai a ƙasa mai 'yan tayoyi. Daga nesa na ɗauka tsofaffi ne suka zo jiran gyaran rediyo. Wani ɗan kasuwa Ibo da ake kira Oga Sunday, mai sayar da kayan lantarki na gwanjo, shi ya kawo su a amalanke daga gidajen Turawan da suka tashi. Yana share gumi yana tsokanar Baba: "Malam Sani, ka sayi gawa uku ka ce za ka tada ɗaya. In ya tashi, ragon suna a wuyana." Baba ya yi ɗan murmushi, ya ci gaba da kwance fankar da ke gabansa. Sai da Oga Sunday ya tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Injin shara ne."

Mahaifiyata ta rasu tun kafin a sa ni makaranta, sai mahaifiyarta ta ɗauke ni. Kaka Babarbariya ce, gidanta yana unguwar Shehuri, daga ni sai ita sai awaki biyu. Asabar kaɗai take barina in je wurin Baba. Ya taɓa aiko wani dattijo ya roƙe ta a bar ni in riƙa zuwa shago kullum bayan an tashi makaranta, in koyi sana'a, in ya so in dawo kafin magariba. Amsarta gajera ce: "Maigidana yana da aiki. In ya tafi, wa zai share min ɗaki?" Dattijon ya kai saƙo yadda aka ba shi, Baba kuwa ya riƙe maganar ƙam. Idan shara ce ta hana shi ɗansa, to zai samo abin da zai yi sharar a ɗan lokaci, yaro ya samu yammacinsa. Ni ma abin da nake so ke nan, fiye da ƙwallo, fiye da sabon takalmi.

Sharar ɗakin Kaka ba irin wadda aka sani ba ce. Ƙasan ɗakin ba siminti, farin rairayi ne mai laushi, ƙafa tana nutsewa a ciki har idon sawu. A tsakiya aka shimfiɗa wata babbar darduma ja da aka kawo mata tsaraba daga Makka. Kowace la'asar, bayan na ɗebo ruwa a famfo na zuba wa awaki harawa, sai in naɗe dardumar in fitar in kakkaɓe, in dawo in zauna da rariya ina tankaɗe rairayin kusurwa kusurwa, ina tsince ƙwallon dabino da toka da zaren saƙa. In na gama in baje shi da tsintsiya har ya yi sumul. Sannan Kaka ta sa garwashi a kasko ta zuba turaren wuta, ta yayyafa humra, ta rufe ƙofa. Rairayin ya sha ƙamshi shekara da shekaru, har littattafaina na makaranta ƙamshinsa suke yi. Maƙwabta sukan sauya nasu lokaci lokaci, ita ba ta sauyawa. Mahaifiyata ce ta ɗebo mata wannan daga bakin kogin Ngadda a ranin da ta yi na ƙarshe.

Ina wannan tankaɗe nakan jiyo yaran unguwa a waje suna langa, ko suna kora gare a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Ban cika shiga cikinsu ba ko da na samu sarari. A Shehuri Afuno suke ce min, wato Bahaushe, su kwaikwayi yadda nake karya musu harshe. A Hausari kuma yara su ce ga Babarbare mai ƙamshin mata ya zo. A makaranta in an fita tara nakan zauna a gindin bango da ƙosaina, ina kallon masu buga ƙwallon tsumma, ina lissafin yaushe Asabar.

Baba bai taɓa ganin cikin ɗakin nan ba. Suruki ne, iyakarsa zaure. In ya zo gaisuwa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ɗaga murya ya gaida bango, Kaka ta amsa daga can ciki da Barbarci, "Wushe, wushe," wato sannu sannu, shi ke nan ya tashi. Ni kuma ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa, hirarmu ba ta wuce miƙo wannan, riƙe wancan. Sau ɗaya ya tambaye ni, "Ɗakin nata akwai darduma?" Na ce akwai. Ya gyaɗa kai. Bai tambayi abin da ke ƙarƙashinta ba, ni ma ban san abin tambaya ba ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu.

Asabar ɗin da suka biyo baya su ne mafi daɗin da na sani a ƙuruciyata. Baba ya kwance injinan uku ya jera kayan cikinsu a kan buhu. Ɗaya kansa lafiya amma wayar cikinsa ta ƙone, ɗaya fankarsa ta tsage, na ukun ba abin da ya rage masa mai amfani sai tayoyi da mariƙi. Ya wanke komai da kananzir. Ya sake naɗa wayar tagulla da hannunsa, ni ina riƙe da ƙwaryar zaren ina sakar masa a hankali, yatsunmu suna kusan haɗuwa. Bel ɗin da ke juya buroshi ya yanko shi daga tsohon tubun babur, ya gwada ya sake yankowa har ya dace. Gashin buroshin da ya ƙare ya maye shi da na buroshin takalmi, tsinke tsinke. Jakar kuma wani tela maƙwabcinsa ya ɗinka da kakin soja mai kauri. Ranar da ya sa fulogi injin ya yi gurnani ya kama aiki, mun zuba ɓawon gyaɗa a kan wani guntun kafet a simintin shago, ya lashe shi tas. Oga Sunday ya zo da kwalbar lemo biyu ya ce rago ya yi tsada, a yi haƙuri da ƙanensa. Ranar na ji dariyar Baba har da tari.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ɗauro injin a bayan kekensa zuwa Shehuri. Ya tsaya a zaure kamar kullum, ya gaida bango, ya ce ya kawo wa Hajiya abin da zai sauƙaƙa wa yaron nan aiki. Kaka ta ce a shigo da shi ta gani. Baba ya haɗa doguwar waya ya miƙo min, ya nuna min inda zan taka da ƙafa. Na ja injin na shiga, na ɗora shi a kan jar darduma, Kaka tana zaune bakin gado da carbi. Na taka. Da farko ya tafi lafiya, har na waiwaya in ga ko tana kallo. Sai ya kama gefen dardumar ya ɗaga, kansa ya zame ya faɗa cikin rairayi. Ƙarar ta sauya ta koma kamar ana niƙa tsakuwa. Na ja baya ya ƙi, ya haƙa rami yana haɗiya, jakar ta kumbura ta yi nauyi, warin roba mai ƙuna ya danne ƙamshin ɗakin. Kafin in tuna inda ake takawa ya yi tari ya mutu da kansa.

Daga zaure Baba ya ce, "Lafiya?" Kaka ta daɗe tana duban ramin da ke tsakiyar ɗakinta. Na tabbata a raina cewa ko Asabar ɗin ma na rasa ta. Sai ta ɗaga murya yadda na zaure zai ji, amma ni take wa magana: "Maigida, gaya wa mai fanka, abin nan nasa ya ci min rairayi. Ba na son na kogi sabo, nawa nake so. Ka bi shi kullum in an tashi makaranta har sai ya dawo min da shi."

Da mun juye jakar a buhu, da aikin ya ƙare a ranar. Baba bai yi haka ba. Ya zazzage rairayin a wani daro ya tura ƙarƙashin tebur, ya ce ya haɗu da baƙin mai da ƙurar roba, ba a mayar wa Hajiya da shi haka. Kullum in na zo sai ya ɗebi cikin gwangwanin madara guda, mu wanke, mu shanya a kan faranti, mu tankaɗe da ƙyallen gidan sauro. Kafin ya bushe kuwa akwai fankoki da dutsen guga da ke jiran gyara, akwai injin sharar kansa da muke sake kwancewa muna fitar da tsakuwa daga haƙoransa. A nan na koyi riƙon sukudireba da narka dalma. A nan na fara cin abincin rana da ubana a kwano ɗaya. Gab da magariba in ɗauki gwangwanina in kama hanyar Shehuri. Kaka ta karɓa ta shinshina, ta zuba a ramin, ta ce, "Da saura." Sharar ɗaki kuwa ta koma yi da kanta da safe, ba ta taɓa ambata ba.

Ni yaro ne, ban gane komai ba. Gani nake Baba yana da nawa wajen aiki, Kaka kuma tana fushi da mu muddin ramin nan yana nan. Ina so in wanke shi a idonta, ta ga cewa mutanen Hausari ma sun iya cika alkawari. Wata rana aka kira shi gyara a wani gida ya bar ni tsaron shago. Na jawo daron, wanda ko rabinsa ba mu ɗebe ba, na wanke rairayin duka, na shanya a kan buhuna a rana, na tankaɗe, har na kwance kan injin na kakkaɓe abin da ya maƙale. Na ɗaure a buhu na ɗora a ka, na bar wa tela saƙo, na tafi ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Kaka ta dubi buhun, ta dube ni. Ta ce, "Duka ke nan?" Na ce duka. Ta ce, "Ba ko ɗan saura a lungun injin? Irin waɗannan abubuwa suna da lunguna." Na ce, "Babu, Kaka, ni da kaina na duba." Sannan ta ce in zuba, in ɗauko rariya. Ta riga ta faɗi sharaɗinta da ƙarfi a kunnen suruki, ba ta da wata hanyar da za ta ce in ci gaba da zuwa ba tare da ta sauko ba, shi kuma ba zai sake aiko dattijo ba bayan abin da injinsa ya yi. Ranar Asabar na tarar da daron a kife a bakin shago. Baba ya ce, "Ka yi ƙoƙari." Ya koma kan aikinsa. Muka koma Asabar zuwa Asabar, kuma kafin in gama firamare ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Sai da na yi aure na samu surukai nawa sannan na fahimci tambayar da Kaka ta yi min.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi aikin gyaran lantarki a wata ma'aikata har ƙarfi ya ƙare. Yanzu ina zaune a unguwar Ajilari, matata ta rasu, 'ya'ya kowa yana garin da abinci ya kai shi. Ɗaki guda na ware wa tsofaffin injinan shara masu tsayuwa, irin masu jakar yadi. Masu gwanjo a kasuwa sun san ni, in irinsa ya faɗo hannunsu sai su aiko min a keke, suna dariya, don ba mai saye. Gidajen yanzu tayil ne, tsumma da bokiti sun ishe su. Ɗakin rairayi kuwa na daɗe ban shiga ko ɗaya ba. Suruki yana zama kujera ɗaya da surukarsa suna kallon talabijin, in akwai magana a faɗe ta a waya cikin minti guda. Ban ce hakan ba kyau ba. Da a lokacinmu haka ake, da mutum biyu ba su ɓoye ƙaunar yaro ɗaya a cikin gwangwanin madara ba.

In wuta ta zo nakan tada wanda na gama gyarawa, ya yi gurnaninsa a kan tabarmar roba, in kashe. Sannan in jawo na gaba in fara kwancewa, ƙusa ɗaya yau, wata gobe. Wani mai gwanjo ya taɓa ce min, "Baba, aikin yini ɗaya kake ja wata guda, wa kake jira?" Na ce ba kowa. Na dai koyi yin aiki a hankali, a lokacin da babu sauran wanda zan zauna da shi.