Rumfar da kawu ya yi wa allon sola

Da muka idar da sallar asuba muka tashi daga Madawa, ni da wani maƙwabcina mai gyaran sola. Ta'aziyya ta kai mu Tama, wurin kawuna. Ɗansa guda namiji ya rasu a ci-rani, Allah ya jiƙansa.

Hanyar Buza duwatsu ce da kwazazzabai. Motar ta girgiza mu har furar da muka sha a tasha ta dame kanta a ciki. Bayan Buza muka gangara kwari, warin albasa ya tarye mu tun ba mu ga garake ba.

Ba mu iske kawu gida ba, yana garka. Garaken maƙwabta kore shar, tasa albasar ta kwanta, bakin ganyen ya ƙone. Ita ce cimakar gidan ta bana. Bayan addu'a ya nuna mana famfon rijiya da allon sola, saƙon ƙarshe da marigayin ya aiko. Ruwa na fita siriri kamar na buta. Bisa allon kuwa ga rumfar karan dawa, an ɗaure ta da kyau.

Maƙwabcina ya ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni na yi. Na taɓa shi da azahar, zafi kamar tanda. Abin da yaron yab bar min ke nan, in bar shi rana ta cinye?"

A hankali maƙwabcina ya yi masa bayani: haske ne abincin allon. Da sassafe kaɗan yake ba da wuta, rana na ɗagawa tana ƙaruwa, in ta take tsaka famfo ya samu cikakken ƙarfi. Gajimare na rage shi, inuwar kara ɗaya ma na ragewa, balle rumfa.

Kawu ya hana mu taɓa rumfar, shi ya kwance igiyoyin da hannunsa. Kukan famfo ya sake, ruwa ya cika bututu. Rabin albasar ya riga ya tafi. Muka yi, muka yi ya dawo inuwa, ya ƙi. Nan muka bar shi zaune gefen allon, rana bisa kansa.

Mun shigo Madawa da magariba. Shekaru ina karantar da ɗalibaina cewa aiki sai da sani, ban san nauyin maganar ba sai a garkar nan. Ba sakaci ya ƙone albasar kawu ba, tausayi ne. Allah ya ba shi haƙuri, ya raya abin da ya saura.