Lakar da Yaya Lawali Ya Gudo da Ita

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Malam Lawali, wanda ya koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Shinkafi. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bar mini jarka ce cike da baƙar laka, kuma a shekarun nan babu abin da ya hana ni sukuni kamarta.

Mu 'ya'yan marina ne. A ƙauyenmu, kusa da Birnin Tsaba a ƙasar Zurmi, mahaifinmu yana da ramin rini da ya gada. Ana zuba ruwa da toka da shuni, a yi ta motsawa da muciya safe da yamma, har ruwan ya nuna ya yi kumfa. Ruwa ne mai kaifi. In kana da tsaga a hannu ka tsoma, za ka gane kurenka, kwaɗo kuwa in ya faɗa ciki sai gawarsa. Duk da haka tsohon yana maganar ramin kamar mutum: yau yana barci, yau ya tashi da yunwa. Idan za a haɗa sabon rami, sai ya ɗebo laka daga gindin tsohon ya zuba, kamar yadda ya ga nasa mahaifin yana yi.

Wani hutu Yaya Lawali ya dawo daga kwaleji jiki na rawa. Ya ce, "Baba, ashe gaskiya kaka hwaɗi, ramin ga shina da rai!" Ya yi bayani cewa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, bakteriya, waɗanda ruwan tokar da ke kashe kwaɗo shi ne gidansu, kuma su ne ke juya shuni har ya kama zane. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ka ce masu su yi sauri, masu zane na jira."

Daga nan Yaya bai sake barin mu mun huta ba. Ni kayan babur nake sayarwa a Kaura Namoda, ba ɗan boko ba ne, amma duk ƙarshen mako sai ya zauna a bencina ya cika mini kunne. Akwai irinsu, in ji shi, a ruwan da ke tafasa daga ƙasa, da cikin gishiri, da tafkin kanwa, da ƙarƙashin ƙanƙara, da can cikin dutse inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Wasu in wuya ta yi wuya sai su dunƙule su yi barci shekara da shekaru, sai ruwa ya dawo su farka. Shi ya sa, ya ce, masu neman rai a wasu duniyoyi ba mutane masu manyan kawuna suke nema ba. Irin 'yan ramin babanmu suke nema. Nakan ce masa, "Yaya, bari in sallami mai taya tukuna."

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, mahaifinmu ya riga ya rasu, aka watse. Kowa ya ɗauki abin da zai iya, wani hatsi, wani awaki, wata tukwane. Yaya Lawali, malami guda, ya naɗe wando ya shiga ramin rini ya ciko jarka da laka. Har yau akwai masu ba da labarin nan suna dariya, kuma ni ma a ranar haushinsa na ji. Ya kawo ta gidana a Kaura ya ce, "Ka aje ta inuwa. In ƙasa ta lafa, da ita za mu tada ramin." Ƙasa ba ta lafa ba. Ciwo ya kama shi, kafin damina ta zagayo mun kai shi makwanci.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. A waya nake ganin motoci marasa direba suna huda duwatsun duniyar Mars, ana duba ko wani abu ya taɓa rayuwa a can. Ana maganar wasu watanni masu kewaya duniyoyi masu nisa da ake zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsu. Da yana nan da ya ƙarar mini da data. Amma na san da zai tambaye ni yadda aka yi ɗan adam ya aika mota har can, ni kuma na kasa hawa babur in je in ga kangon gidanmu. Wannan abu yana ci mini rai.

Jarkar kuwa tana bayan ɗaki, har shigowar bana ban taɓa buɗe ta ba. Maƙwabta har sun fara raɗe-raɗin wani asiri nake ajiya. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Muddin tana rufe, zan iya cewa ramin gidanmu barci yake yi. In na buɗe na gwada ya ƙi tashi, shi ke nan, babu sauran abin da ya rage na kakanninmu da ke numfashi.

Bana mai ɗakina Hajara ta gaji. Ta ce, "Malam, ko ka tada abin ga ko ka zubas. Shi da ya ɗauko ta ba don a yi gadinta ya ɗauko ba." Na yi fushi, don ta faɗi gaskiya.

Na samo rabin duro, na tara toka, na sayo shuni a kasuwa, na haɗa su da ruwa, na yi bisimilla na juye rabin lakar a ciki. Safe da yamma ina motsawa kamar yadda na ga ana yi. Kwanaki suka shuɗe ruwa yana nan baƙi wuluk, shiru. A shago sai in miƙa wa mai neman fulogi sarƙa. Har na fara shirya yadda zan gaya wa 'yan'uwa lakar ta mutu, sai wata safiya Hajara ta fito tana toshe hanci tana cewa wane irin wari ne wannan. Ni kuwa ina shaƙarsa na gane warin gidanmu ne. Kumfa ta taso a kan ruwan tana ƙyalli. Na tsoma farin ƙyalle na fito da shi kore, ina riƙe da shi a iska ya rikiɗe ya zama shuɗi. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Da a nan labarin ya tsaya da na huta. Amma Yaya ya riga ya ɓata ni. Ya sha gaya mini cewa babban abin da masu binciken sama ke tsoro shi ne su tafi da ƙwayoyin nan duniya a jikin na'urarsu, su je can su tsince su, su yi ta murna sun gano baƙi. "In ka samu abu," in ji shi, "hwara tambaya ko ba kai ka taho da shi a hannunka ba." To shunin nan daga kasuwa na sayo shi, tokar daga murhun Hajara. Wa ya san ko 'yan raminmu ne suka farka, ko baƙi ne suka yi aikin, lakar Yaya kuwa ta mutu tun tuni? Da shi ne, da ya haɗa duro biyu, ɗaya da laka ɗaya babu, ya ga bambanci.

Ɗalibansa sun watsu, ramin can ƙila ƙasa ta cike shi. Abin da na tabbata ya saura na Yaya Lawali shi ne wannan rashin yarda da amsa mai daɗi kafin a gwada ta, kuma ya bar shi a jikin ɗan tireda da bai roƙa ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Rabin lakar yana nan. Jiya na sayo duro biyu.