Kawu Mai Caji Ba Ya Tambaya

Shagon Kawu Mai Caji bai fi ɗakin wanka girma ba, amma duk wanda ya sauko daga motar nesa da jaka ɗaya da waya a mace, can ake nuna masa. Benci guda ne a ciki, sai katako cike da soket, sai fanka mai ƙara wadda iskarta ba ta wuce kan Kawu. Gyaran waya ne sana'arsa. Sauran aikin kuwa Allah ne ya ɗora masa: raka baƙo asibiti, nema masa ɗakin haya, zuwa gaban ubangidan da ya riƙe wa ma'aikaci fasfo. Mutum ne mai surutu, wallahi har ya gundure ka, amma bai taɓa tambayar baƙo abin da ya raba shi da gida ba. Zai tambaye ka ko ka ci abinci, ko kana da wurin kwana. Daga nan ya ja bakinsa.

Abin da ke ƙona masa rai shi ne ƙofar ofis. Duk inda ya je da baƙo sai a dube shi sama da ƙasa a ce, "Kai kuma a su wa?" Bai san doka ba, sai dai magiya. Sau nawa ya dawo da mutum hannu rabbana, ya zauna yana huce haushi a kan wayar da ba ta ji ba ba ta gani ba!

'Yarsa, malamar makaranta, ita ta zo da labarin. Wata ƙungiya na ɗaukar masu kare haƙƙin 'yan ci-rani, ta koya musu doka na 'yan watanni, ta ba su shaidar da za su nuna a kowane ofis.

"Baba, kai suke nema."

"Ni? Da wannan tumbin?"

"Shi ma za su horar da shi," in ji matarsa, tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya tsallake matakin farko. Saura ganawa ta bidiyo, kuma sun ce ya zo da mutum ɗaya cikin waɗanda ya taimaka, ya faɗi halin da ya shiga da bakinsa. Nan Kawu ya turje. "In ce wa mutum ya feɗe cikinsa gaban baƙin ido don ni in samu takarda? Haba! A bar shi kawai." Ya faɗa da ƙarfinsa, amma ransa ya ɓaci, don yana son abin nan ba kaɗan ba. Har surutun ya ragu.

Matarsa ba ta ja da shi ba. Washegari dai ta leƙa wurin mai kitso, wata da Kawu ya taɓa karɓo wa fasfo, ta raɗa mata, "Mutum ɗaya ake so. Ɗaya tak." Baiwar Allah ta manta da wa take magana. A wurin baƙi labari daga waya zuwa waya yake tafiya, kowa ya ji ya tura wa nasa. Haka suke sanar da juna aiki da ɗaki da haɗari.

Ranar ganawa Kawu ya taho shago da niyyar ba da haƙuri, ya tarar layi ya kai bakin titi. Leburori da ƙurar siminti a gashin ido, masu wanke-wanke, direban da ya bar motarsa a kunne, kowa na cewa shi zai faɗa. Har da wani wanda caji kawai Kawu ya taɓa yi masa.

"Innalillahi! Wa ya tara min duniya?" Ya juya ga matarsa. Ita kuwa ta tsura wa fanka ido.

Ana cikin gardamar, wata mai wanki ta ratso daga baya. Shekarun baya ta sauka a shagon nan da goyo, kuma tun daga ranar ba a taɓa jin ta wuce gaisuwa ba. Ta zauna a benci, gaban wayar da 'yar Kawu ta jingina.

"Kawu, ni ce."

Waya ta yi ƙara, fuskoki suka bayyana. Kawu ya gaishe su, ya gabatar da ita, sai ya miƙe ya kora kowa waje, ya bi bayansu. Matarsa ce kaɗai ta rage, don mai wankin ta riƙe mata hannu gam.

"Baba, ina za ka?" 'yarsa ta biyo shi. "Kai suke son gani!"

"Ta yarda su ji. Ba ta ce ni in ji ba."

"Za ka rasa fa."

"In rasa."

Ya faɗa dai, amma idonsa na kan ƙofar shagon. Ya tsaya cikin rana ya karɓi wayar direba yana kwance ta, alhali lafiyarta ƙalau. Da aka buɗe ƙofa, idanun matan biyu sun yi ja, amma dariya suke. Masu ganawar suka yi masa 'yan tambayoyi, suka yi sallama. Shi dai ya cire rai.

Bayan 'yan makonni saƙo ya zo: an ɗauke shi. Kawu ya yi rawa a bakin shago, tumbin na nasa daban, har mai shayin maƙwabta ya ƙona hannu garin kallo.

Da yamma a gida ya yi ta kewaye matarsa yana gyaran murya.

"Wai ni kam, me ta ce musu?"

"A'a! Yau kai ne da tambaya?" Ta ajiye ludayi ta dube shi. "Abu ɗaya ta ce in faɗa maka. In ka dawo da takardarka, akwai ƙanwarta da fasfonta ke hannun wani. Sauran kuwa nata ne."

Kawu ya goge ido da bakin riga.

"Ki ce mata ta kawo min sunan mutumin tun yanzu."