Ƙafar Inna da Aka Hana wa Ruwa

Da ƙarfe huɗu na yammacin wata Laraba, a shekarar da na shiga aji uku, Inna ta dawo daga hawasharmu, wato gonarmu ta auduga, tana rawar sanyi, alhali rana na ƙona ƙasa. Ina gindin dalbejiya ina bitar karatu, na ga ƙafarta ta hagu ta yi jawur, ta kumbura.

Zazzaɓin ya sauka, kumburin ya ƙi. Baba ya ɗauko wani faki, malamin tsibbu, daga ƙauyen gaba. Mutumin nan bai ko taɓa ta ba, daga bakin ƙofa ya ce mutanen ruwa ne suka kama ta a tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, don haka kada ruwa ya sake taɓa ƙafar. Aka shafe ta da toka da man shanu, aka naɗe da tsumma, Inna ta koma taimama. Mu da ruwa ke wucewa ta bayan dangarmu! Kullum sai na cika tuluna kafin in tafi makaranta, na wanke tukwane, na shayar da awaki, har jakinmu ana yi masa wanka, ban da ƙafar uwata.

Ni ba mai magana ba ce, amma ina kallo. Na lura fatar tsakanin yatsunta ke fara tsagewa, sai zazzaɓi ya biyo, kuma bayan kowane zazzaɓi ƙafar na ƙara girma, ba ta komawa. Fatar ta yi kauri kamar ɓawon itace. Inna ta daina tsinkar auduga, jikinta ya yi nauyi, gwiwoyi suka fara ciwo. Maƙwabta suka daina cin kisrarta, gurasar dawa da take toyawa, saboda wari, a wajen carafke kuma ana kirana ɗiyar mai tundurmi. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambayi Baba ko tsagewar ce ke kawo zazzaɓin. Ya ce, "Ke Hauwa, madarasa ta koya miki kin fi faki sani?" Goggo ta toshe min baki: "Yi shiru, ɗiyar nan, kar mutanen ruwa su ji ki."

Sai da zazzaɓi ya sa Inna ta daina gane mu aka ɗora ta a lori zuwa asibitin Sinnar. Ta rayu, amma ba ta sake taka hawasha ba. Yau jikokina na barin famfo yana zuba, ni kuwa ƙarar ruwan har yanzu tana tafasa min zuciya, domin tana mayar da ni ɗakin nan na asibiti, inda hakim, wato likita, ya kwance tsumman, ya sa a kawo tasar ruwa. Na maimaita masa tambayar da na yi wa Baba.

Ya dube ni, ya ce, "Gaskiyarki, ya bitti, ɗiyata. Ta tsagewar nan cutar ke shiga. Da kullum ana wanke ƙafar da ruwa da sabulu, da ba ta kai haka ba."