Osée da Makewayin Malam Shu'aibu

Kafin shagunan bakin titin Dogon Dutsi su buɗe, Osée ya riga ya ɗaure kayan aikinsa a bayan babur. Sana'arsa shimfiɗa karo, wanda wasu ke ce wa tayil, daga cikin gari har Kore Mairuwa. In ya isa gida ba ya fara kwaɓa siminti. Sai ya tambayi su wa za su riƙa shiga makewayin, ko akwai tsoho, ko akwai mai ciki. Sannan ya zuba ruwa a kan karon da aka sayo, ya taka. In ya ji santsi, komai kyan zanensa, cewa yake a kai shi bango.

Bana gwiwoyinsa sun ƙi durƙuso, zai ajiye aiki. Shi ya sa zan faɗi abin da na gani a gidan maƙwabcina.

Malam Shu'aibu tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ciwon sukari ya tafi da ganinsa. Tun da ya taɓa zamewa a makewayi, 'yarsa Fadila ke riƙe hannunsa har ƙofa, ta tsaya tana jira. Abin ya yi masa nauyi. Mutum mai tsafta ya fara ƙin wanka, ya rage shan ruwa, ya daina fitowa hira.

Fadila ta kira Osée ta ce, "A sa mai kaushi kawai, kowane iri ne, tunda Baba ba gani yake ba."

Ya ce, "A'a ɗiyata, makewayinsa ne, shi zai zaɓa."

Ya kawo samfura ya jera a gaban Malam, ya ce ya cire takalmi. Malam ya shafa na farko da tafin ƙafa. "Wanga wane launi ne?"

"Ruwan ƙasa, da zanen ganye."

"Wannan fa?"

"Shuɗi, irin rigarka ta Juma'a."

Malam ya yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. "Sa shuɗin. Baƙina ai suna da ido."

Osée ya shimfiɗa shuɗin, ya ratsa tsakiyarsa da layin wani karo mai tudun zane, daga ƙofa zuwa famfo, reshe guda zuwa masai. Ya rufe ido ya bi layin da kansa, ya ji ya karkace, ya ɓamɓare ya sake.

Ranar da daɓen ya bushe, Fadila ta miƙa hannu kamar kullum. Malam ya ce, "Koma ki zauna." Muka ji ya ja ƙofa, muka ji ruwa na zuba. Fadila ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Da la'asar sai ga shi a wurin hira, gemu a jiƙe.

Osée, kai ne ke zuwa majami'a ran Lahadi, Litinin a gan ka durƙushe kana gyara wurin alwalar masallaci. Gwani mai aiki a inda baƙo ba ya yabawa, mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi.

Ku kuma masu tasowa a sana'ar, kafin ku buɗe kwalin karo, ku tambayi wanda zai taka shi.