Ƴan sanda masu suma da idon Kakana

Kakana tsohon mahauci ne a kasuwar Dembé, kuma kansa sulɓi ne, ƙuda ma in ya sauka sai ya zame. Amma ya rantse min cewa da ƙuruciyarsa sumarsa ta kai girman kwandon tumatir. Wai duk saboda wani tsohon shirin talabijin da suke kallo a gidan wani maƙwabci a unguwar Bololo: samari biyu da budurwa ɗaya, fitinannun unguwa, ƴan sanda suka ɗauke su aiki. Ba su sa kaki, sai suma da wando mai faɗin ƙafa.

Bara yanar ido ta rufe masa gani. Likita ya ce aikin ƙarami ne, Kaka ya ce sam. Mutumin da ya yi rayuwarsa da wuƙa a hannu, ya ce ya san abin da wuƙa take yi wa nama. Babana ya roƙa, gwaggona ta yi kuka, bai motsa ba.

Ni kuwa na tono shirin a wayar yayana, da Faransanci. Bayan la'asar nakan zauna gefen tabarmarsa, ga shayi, shi yana jin sauti, ni ina ba shi hoto.

"Amarya, me ake ciki?" Haka yake kirana tun ina rarrafe.

"Mai sumar ya yi tsalle daga bene, ya faɗa kan raƙumi."

"Babu raƙumi a garin nan."

"Angona, kai kake gani ko ni?"

Kullum sai na ƙara gishiri. Na sa budurwar ta mari ɓarayi bakwai da takalmi ɗaya. Na sa babban ɗan sandan ya tsaya cin kilishi ana tsakiyar bin mota. Kaka yana tsaki, yana dariya, har shayi ya sarƙe shi. Wata rana na ce an kama mai sumar an yi masa aski ƙwal.

Ya shafa kansa a hankali.

"Ƙarya kike yi."

"To tashi ka duba."

Ya karɓi wayar, ya kai ta har kan hancinsa, ya juya ta, ya miƙo min. Bai iya ganin komai ba. Ranar ban ƙara ko kalma ba.

Da safe na ji shi yana ce wa babana: "Kalas, ya isa haka, kai ni wajen mahaucin naku. Yarinyar nan za ta kashe min mutane."

Ni na riƙe masa hannu a tasi zuwa asibiti, ya matse nawa kamar zai cire ƙashi.

Da aka yi aikin aka cire bandejin muka dawo gida, na kunna masa shirin. Ga mai suma nan da sumarsa, ko gashi ɗaya bai ɓata ba. Na shirya shan ranƙwashi. Sai na ga Kaka ba wayar yake kallo ba, ni yake kallo, tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Yaushe kika yi tsawo haka?"

"Kalli mutanenka mana."

Ya ɗan leƙa, ya taɓe baki. "Sun rame. Kuma ba su da gudu kamar da." Ya gyara zama, ya lumshe sabon idonsa. "Ajiye wayar, Amarya. Ina muka tsaya da raƙumin nan?"